Kwalbar da Ba Tata Ba

Auta na cikin jera kujerun roba a ɗakin bayan asibiti, inda matan da ke yaƙin daina shaye-shaye ke haɗuwa duk Asabar da yamma, sai aka turo ƙofa a hankali. Wata doguwar mace ce ta shigo, ta rufe rabin fuskarta da takunkumi, ta ja mayafi har kan gira. Anti Nas, dattijuwar ma'aikaciyar jinyar da ta kafa zaman, ta miƙe ta tare ta.

"Shigo, 'yar'uwa. Nan ba a tambayar suna. Duk wadda kika gani a ɗakin nan ta sha abin da kika sha, wata ma ta fi ki."

Matar ta yi sallama can ƙasa-ƙasa. Sallamar kawai Auta ta ji, kujerar hannunta ta kusa suɓucewa. Ko daga barci ta tashi ba za ta kasa gane muryar nan ba. Yaya Babba ce, yayar mijinta.

Auta tela ce. Ta yi shekaru tana shan maganin tari kamar ruwa, har sai da ɗakin nan ya ciro ta. Tana cikin farfaɗowa ta haɗu da Dogo, mai gyaran firiji, ta kuma faɗa masa komai tun kafin ya furta mata so. Shi bai ja da baya ba. Wadda ta ɗaga hankalin kowa ita ce Yaya Babba, shugabar makaranta, wadda ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Ita ce ta ce ƙanenta ya rasa wadda zai ɗauko sai 'yar kwalba. Ita ce idan ta zo gidansu take shinshina ɗaki kafin ta zauna, ta sake ɗauraye kofin da Auta ta wanke. Ranar da Auta ta yi ɓari ma, cewa ta yi jikin da aka jiƙa da ƙazanta ina zai riƙe ɗa.

Ga ta yau a bakin ƙofa.

Idonsu ya haɗu. Yaya Babba ta juya kamar za ta fita, amma Anti Nas ta riga ta kama hannunta ta kai ta kan kujera.

Aka zagaya, kowa ta faɗi yadda makonta ya kasance. Mai sayar da kifi ta ce ta bi ta gaban shagon da take saye a da, ta rufe ido ta wuce har ta yi karo da mai keke. Aka yi dariya. Da aka zo kan baƙuwa, sai ta daɗe tana murza yatsunta.

"Ƙwaya ce... idan ban samu ba, sai na tari."

"Tun yaushe?" Anti Nas ta tambaya.

"Tun aikin da aka yi min a baya."

Auta ta san labarin aikin nan, Dogo ya sha ba ta. An yi shi tun kafin ya san akwai wata Auta a duniya. Ke nan duk shinshine-shinshinen nan, duk yatsinar nan, da ƙwaya a jakarta take yi. Yawu ya taru a bakin Auta, ta rasa inda za ta tofar, ta haɗiye da ƙyar.

Bayan an tashi tana wanke hannu a bakin famfo, ta ji mutum a bayanta.

"Idan ƙanena ya ji..."

"Ba zai ji daga bakina ba, Yaya."

"Na gode."

"Kada ki gode min. Dokar ɗakin ce. Abin da aka faɗa a nan, nan ake barin sa. Da don ke ce, wallahi kafin ki isa titi ya ji."

Ta yarfe hannunta ta wuce.

A gida ta tarar Dogo ya dawo da wuri, har ya ɗora ruwan shayi. Ya leƙa fuskarta.

"Autata, wa ya taɓa min ke? Yau zaman bai yi daɗi ba?"

"Kaina ne kawai."

"Zo nan, sanyin idona. Kin san fa duk Asabar ɗin da kika je kika dawo, sai in ji kamar an sake ba ni ke."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Tun da suka yi aure ba ta taɓa ɓoye masa komai ba, yau ga ta da maganar da ta fi ƙarfin ƙirjinta, kuma maganar 'yar'uwarsa ce.

Tsakiyar mako da hantsi, tana kan keken ɗinki, wayarta ta yi ƙara. Lambar Yaya Babba ce, wadda ba ta taɓa kiran ta ba sai don faɗa. Ta bar ta ta katse. Aka sake kira. Ta tuna ranar da ita ma ta kira Anti Nas daga ƙasan gado, da matar ba ta ɗaga ba, da yanzu wani labarin ake. Ta ja tsaki ta ɗaga.

"Ki zo... don Allah ki zo. Anti Nas tana wurin aiki, wayarta a kashe. Ina bayin malamai, na kulle kaina."

Auta ta tari tasi. A makarantar yara na cikin aji suna maimaita karatu da ƙarfi, ta bi bayan ofis ta ƙwanƙwasa.

Warin ne ya fara tarar ta. Yaya Babba na zaune a ƙasa kusa da masai, amai ya ɓata gaban rigarta har cinya, gumi ya manne mata ɗankwali, majina na zuba ba ta ko sharewa. Matar da ke gyara zaman mayafi sau goma kafin ta gaisa da mutum. Auta ta toshe hanci da bayan hannu, zuciyarta na tashi.

"Tun ranar Asabar ban sha ba," Yaya Babba ta ce, haƙoranta na haɗuwa. "Jikina kamar ana sassara shi. Da safe na sayi kwalba... tana jaka. Ban buɗe ba. Na kasa buɗewa, na kasa yarwa."

Auta ta tsaya tana kallon ta. Wani sashe na zuciyarta ya ce ta buɗe ƙofar nan wangale, ta kira malaman su zo su ga shugabarsu. Sai ta ga yadda yatsun matar ke ƙanƙame da bakin masai, ta san ciwon da ke cikin ƙasusuwan nan, ta san shi kamar tafin hannunta.

Ta naɗe hannun riga.

"Ɗaga hannunki."

Ta tuɓe mata rigar, ta wanke ta a famfo tana kawar da kai, sau biyu tana yunƙurin amai ita ma. Ta goge mata fuska da wuya, ta rufa mata nata mayafin. Sannan ta zuge jakar, ta zaro kwalbar, ta jefa a tata.

"Ba nan za ki yi wannan yaƙin ba. Ki ce musu zazzaɓi ne, mu je Anti Nas ta haɗa ki da likita. Ba a yanke ƙwaya haka kai tsaye, za ki iya kashe kanki."

A cikin tasi Yaya Babba ta jingina da ita. Auta ta matsa jikin ƙofa iyakar matsawa.

Ta bar ta a hannun Anti Nas ta koma shago. Ta san abin da ya kamata ta yi da kwalbar. Ga kwata nan a bakin shagonta, aikin minti ɗaya ne. Ta ce bari ta gama wuyan rigar nan tukuna. Ta gama, ta ce bari mutane su ragu a titi. Da ta tashi rufe shago, sai ta ɗauki jakar da kwalbar a ciki ta tafi gida. Duk hanya tana jin nauyinta a kafaɗa, maƙogwaronta na tuna mata wani zaƙi mai ɗanɗanon magani da ta ɗauka ta manta.

Washegari da safe tana wanka, Dogo ya ɗaga murya yana tambayar makullin motar aikinsa.

"Duba jakata, jiya na tsince shi a kan kujera," ta amsa.

Sai da maganar ta fita ta tuna. Ta fito da kumfa a wuya, ta same shi tsaye a tsakiyar falo, ya riƙe kwalbar da yatsu biyu nesa da jikinsa, kamar wanda ya ɗauko mataccen ɓera.

"Mene ne wannan?"

"Masoyi, ka tsaya ka ji..."

"Tambayar ki na yi."

"Ba tawa ba ce."

"Ta wace ce?"

Ta kawar da kai.

"Ta wace ce, Auta?"

"Ba zan iya faɗa ba. Ta wata ce a zamanmu. Ka duba, ko buɗe ta ba a yi ba."

"Wannan ba a buɗe ba. Sauran fa? Shi ya sa kwanan nan ba kya cin abinci, ba kya kallon idona?" Ya dube ta daga sama har ƙasa, leɓensa ya karkace. Ba ta taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, a fuskar yayarsa ta saba ganin sa. "Na yi faɗa da wadda ta raine ni a kanki. Na ce wa kowa kin tsarkaka. Ashe kwana nake da..."

Bai ƙarasa ba. Ta miƙa hannu za ta taɓa shi, ya janye kafaɗarsa.

Sai ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da duniya ta yi masa zafi. Ya kira Yaya Babba.

Ba a daɗe ba ta iso, fuskarta a faɗe, ta sha hoda don ta rufe. Dogo ya dangwarar da kwalbar a kan tebur.

"Yaya, kin faɗa min ban ji ba. Ga shi."

Yaya Babba ta kalli kwalbar. Ta kalli Auta. Auta ta zuba mata ido kawai tana jira. Agogon bango na ta tafiya. Bakin matar ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ka... ka yi haƙuri. Ka bi ta a hankali. Irin wannan abin... ba a rabuwa da shi da sauƙi."

Auta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Aman da ta wanke jiya bai tayar mata da zuciya kamar wannan maganar ba. Ta shiga ɗaki ta sa kaya, ta ɗauki jakarta. Da ta zo wucewa ta tsaya daidai kunnen Yaya Babba.

"Rigar taki ta bushe, Yaya?"

Ta fita ba ta waiwaya ba.

Ba ta nufi shago ba. Ƙafafunta suka ɗauke ta suka bi da ita wani lungu da ta yi shekaru ba ta taka ba, har ta hango shagon mutumin da ke miƙo kwalba a cikin baƙar leda. Yana nan yadda ta bar shi, da ƙazamin tawul a wuya, yana sakace haƙori. Ya gane ta, ya washe baki.

Zuciyarta ta ce, to me ya rage? An riga an ce kin sha. Wanda kike yi dominsa ma ya ƙyamace ki.

Ta tsaya a tsakiyar lungun, ƙudaje na tashi daga kwata suna sauka a ƙafarta. Ta ciro waya.

"Anti... ina bakin shagon mutumin nan."

"Kin shiga?"

"A'a."

"To juya ki ba shi baya. Kin juya? Kada ki kashe wayar. Taka ki fito titi, ina jin takunki. Yanzu zan turo miki mai kifi, ta fi kusa da ke."

Mai kifi ta iso a guje da ƙarninta da komai, ta rungume ta a bakin titi. Auta ba ta taɓa jin ƙarnin da ya yi mata daɗi irin wannan ba.

A gidan Anti Nas ta sauka. Matar ta saurari komai, ba ta katse ta ba, sannan ta tambayi abu ɗaya.

"Me ya hana ki zubar da ita tun a makarantar?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ina so in ji ta kusa da ni."

"Yawwa. Gara da kika faɗa da bakinki. Laifin yayar mijinki nata ne, kuma babba ne. Wannan kuwa naki ne. Ba a ɗaukar kayan wata a hana kai kiran 'yan'uwa. Kin ga mun fi goma a ɗakin nan, ko ɗaya ba ki kira ba."

"Na ɗauka na wuce wurin, Anti."

"Ni da furfurata ban wuce ba. Kuma ki ji, ba don Dogo kika daina ba. Kin daina kafin ki san shi. Ko ya dawo ko bai dawo ba, ke ce za ki kwana a cikin jikin nan."

Kwanakin da suka biyo baya matan ba su bar ta ita kaɗai ba. Wannan ta kawo mata ɗinkin da ba ta ma buƙata, waccan ta zo ta zauna a shago tana ba ta labarin surukarta har Auta ta yi dariya ba ta shirya ba. Dogo bai kira ba. Sau da yawa ta ɗauki waya ta rubuta masa sunan mai kwalbar, sai ta goge.

Ranar Asabar ana tsakiyar zama aka ji tsayuwar mota a waje. Anti Nas ta leƙa, ta dawo ta taɓa kafaɗar Auta.

"Ana sallama da ke."

Dogo ne tsaye jikin motar aikinsa, idanunsa jajur, gemunsa ba gyara. A kujerar baya Yaya Babba ce a dunƙule cikin bargo.

"Ta zo wurin aikina ɗazu," ya ce. "A gaban mutane ta durƙusa. Ta zazzage jakarta a ƙasa, ta ce in ƙirga fankon ƙwayoyin da idona. Ta faɗa min komai... har wankin da kika yi mata."

Auta ta harɗe hannu.

"Autata, ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Na kalle ki kamar ƙazanta. Ke da kika..."

"Tsaya, kada ka mai da ni waliyyiya. Kwalbar ba tawa ba ce, gaskiya ne. Amma na kwana da ita a jaka ina sane. Ranar da na bar gida kuma, sai da na je har bakin shagon da nake saye. Matan da ke cikin ɗakin nan ne suka dawo da ni. Matar da ka aura ke nan. Ba ta tsarkaka ba, kullum cikin yaƙi take. Idan wadda ta gama kake so, ka faɗa min yanzu."

Hawaye suka gangaro masa. Ya kamo hannunta duka biyu ya ɗora a ƙirjinsa.

"Ke nake so. Da yaƙin naki da komai. Ki koya min yadda ake tsayawa kusa da ke, don na ga ban iya ba."

Ta so ta ƙara ja masa rai, amma kukan ya riga ya ci ƙarfinta. Ta kifa kai a ƙirjinsa, rigarsa na warin man inji da gumi, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar.

Gilashin motar ya sauka kaɗan.

"Ƙanwata..." Yaya Babba ce. Ba ta taɓa kiran ta haka ba. "Ban ce ki yafe min ba. Ni ma da ni ce ke, ba zan yafe ba. Duk zagin da na yi miki, kaina nake gani a jikinki."

Auta ta share fuska ta dube ta. Leɓunan sun bushe sun tsattsage, idanun sun zurma. Ta nemi tausayi a ranta, ta samu ɗan kaɗan, sauran duk ɗaci ne.

"Ban yafe ba tukuna, Yaya. Wataƙila wata rana. Likitan ya ba ki magani?"

"Ya ba ni. Ya ce kada in zauna ni kaɗai kwanakin nan."

Dogo ya dubi matarsa, ya kasa roƙo. Ita ta gane.

"Gidanmu za ta zauna," ta ce. "Amma ka saurare ni da kyau. Za ta zage ka. Za ta ɓata maka shimfiɗa. Za ta rantse da Allah ta yi maka ƙarya tana kallon idonka. Za ka ji ƙyamarta har ka rasa inda za ka sa kanka. Ka ji abinka, amma kada ka tashi daga wurin. Kuma ba mu biyu za mu yi ba, matan nan za su riƙa zuwa, ka saba da ƙarnin kifi."

"Ke ma haka kika ji a kanta?"

"Har yanzu ina ji."

Anti Nas ta ɗaga mata hannu daga bakin ƙofa, alamar ta tafi, za su biyo baya. Dogo ya yi sauri ya buɗe mata ƙofar gaba. Auta ta kalli kujerar da ke kusa da mijinta, ta kalli matar da ke karkarwa a baya. Ta ja dogon numfashi, ta tura ƙofar gaban ta rufe, ta buɗe ta baya.

"Matsa, Yaya," ta ce. "Kai kuma ka ja a hankali, ka sauke gilashin duka."